Safi da Darasin Alhamis

Dakoro, 1952

Alhamis, 6 ga Maris, da la'asar

Yau ce ranar darasinmu. Na share inuwar ƙofar gida, na shimfiɗa tabarmi, na zauna. Sai da na ga ba kowa a hanya na tuna mai shela ya zaga gari shekaranjiya: kumandan, Baturen da ke mulkin gari, ya hana taro saboda sanƙarau, ya rufe lakwal, makarantar boko da nake koyarwa, ya rufe kasuwa, ba shiga gari ba fita. Ni da kaina na sallami yaran ajina, amma ga ni zaune ina jiran mutane.

Tun bayan girbi nake wanga darasi, ranar Alhamis da ba a lakwal. A babbar lakwal ta horon malamai, can Senegal, shekararmu ta farko an yi mana wani darasi wanda ba a koya maka yin teyatur ba, wato wasan kwaikwayo, sai yadda za ka zauna ka kalle shi ka gane abin da kake kallo. Cikin duk abin da na karanta shi na fi so. Da anka turo ni Dakoro na ce zan raba shi da manyan gari. Da yawa sunka fara, uku sunka saura. Akwai Elhaji Mamani dillalin raƙuma, wanda gardama ke kawo shi. Akwai Intalla, Buzu mai yin sirdi, wanda sai ya wuni bai ce uffan ba. Sai Samba na gidan likita, mutumin Sudan, wanda duk gari ke kira lokotoro.

Ta huɗun ba ta zama a tabarma. Matata Safi ce, a bayan zana, tana tankaɗe tana saurare. In sun watse sai ta fito tsakar gida ta kwaikwayi kowa: tafiyar Elhaji, shirun Intalla, Hausar Samba mai karyewa, har ni, yadda nake ɗaga yatsa in na kawo magana mai nauyi. Nakan yi dariya har in riƙe ciki.

Safi tana bukkokin bayan gari, inda ake ware masu sanƙarau, tun Litinin. Samba ya ce a jira.

Asabar, 8 ga Maris, da safe

Na kai kunu. An ja igiya nesa da bukkokin, gardi, ɗan sandan kumandan, na tsaye, daga nan ba ka wucewa. Mu da yawa ne a bakin igiyar, kowa da ƙwarya a hannu, ba mai kallon wani. Samba ya fito, idonsa ja wur. Ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci.

"Mushe Tanimu, wuyanta ya fara saki. Jiya ta sha ruwa da hannunta."

Na ce, "Ta yi magana?"

Ya karɓi ƙwaryar. Ya ce a jira.

Litinin, 10 ga Maris, da azahar

An fitar da gawa biyu daga bukkoki, ba ta hanyar gari ba. Ba ita.

Laraba, 12 ga Maris, da hantsi

Inna Uwale, mahaifiyar Safi, ta iso daga Ɗan Gulbi bisa jaki. Ta daji ta biyo, ta kauce wa gardawan da ke tsaron hanya. Tsohuwa ita kaɗai, cikin wanga zafi na bazara. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe. Na bar mata ɗakin Safi, na maido shimfiɗata zaure. Yanzu ta shigo, fita kuma sai ranar da kumandan ya yarda.

Alhamis, 13 ga Maris, da la'asar

Ban shimfiɗa tabarma ba yau. Ina zaune a zaure sai na ji ana kirana daga ƙetaren hanya. Elhaji Mamani ne, ya tsaya can gindin aduwa, ya dogara da sandarsa.

"Mushe! Taro anka hana, ba a hana gardama ba. Ina munka tsaya?"

Na ɗaga murya na ce mun tsaya kan mai kallo, cewa rabin wasa a wurinsa yake.

"Ban yarda ba! Duk abin ga naku na Senegal, wasan kara ne da yaranmu ke yi bayan girbi, su naɗa sarkinsu da alƙalinsu. Kun dai sa mishi sunan Nasara."

Na ce to wa ke sa sarkin kara ya zama sarki, in ba masu kallo da sunka yarda su faɗi su yi gaisuwa ba? Ya sosa gemu, ya ce zai zo da amsa mako mai zuwa. Mun yi ta jifan juna da magana ta saman hanya, har mata sunka leƙo ta katanga.

Bai tambaye ni Safi ba. Da ya tafi na tarar da goran nonon raƙumi a gindin aduwar, an rufe bakinsa da tsumma mai tsabta.

Lahadi, 16 ga Maris, da yamma

Ta dawo. Alhamdu lillahi, ta dawo.

Samba ya rako ta bisa jakin Inna. Ta rame, zanenta ya zaga ta ya yi saura. Inna ta rungume ta tana kuka tana godiya ga Allah. Na tsaya daga bayanta na ce, "Safi, sannu." Tana kallon rumbu. Na sake faɗi. Tana kallon rumbu.

Samba ya ja ni zaure, ya koma Faransanci don kada Inna ta ji. Abin da ya faɗa ba zan rubuta shi nan ba. Ya ce ga wasu yakan dawo bayan makonni. Na ce ga wasu fa? Ya dafa kafaɗata.

Tana da rai. Wannan nake ta faɗa wa kaina, kuma gaskiya ce.

Talata, 18 ga Maris, da safe

Tasa ta suɓuce wa Inna a bayan Safi, ta faɗi kan dutsen niƙa. Kaji sunka watse, akuya ta tsinke igiya. Safi ta ci gaba da tsintar wake.

Inna ta dube ni. Wannan ne karo na farko da ta dube ni ido da ido tun da na auri ɗiyarta.

Laraba, 19 ga Maris, da azahar

Safi ta ci abinci.

Alhamis, 20 ga Maris, da la'asar

Ranar da ta dawo ta ce wa Inna "ruwa", sai na ga ta kai hannu maƙogwaronta, ta tsaya kamar wadda ta taka rami cikin duhu. Tun daga nan ba ta ƙara buɗe baki ba. Gidan ga da maƙwabta ke cewa ba ya shiru, da waƙar daka da ba'a da kiran kaji, yanzu sai ƙarar taɓarya kawai.

Na gwada ɗaga murya. Na matso kusa da ita na yi ta ɗagawa har jijiyar wuyana ta tashi. Ta dubi fuskata, ta ja baya. Ban san yadda fuskar mai ihu take ba ga wanda ke ganinta kawai, sai yau da na gani cikin idonta.

Ba ta yi lakwal ba, rubutu ba zai kai mata saƙona ba. Harsuna uku a bakina, ba ko ɗaya da zai tsallaka tabarma ya isa wurinta.

Elhaji ya zo gindin aduwa. Na ce masa kaina na ciwo.

Asabar, 22 ga Maris, da hantsi

Inna ta yi mini magana ta bayan zana, ni ina zaure.

"Malam, in an buɗe hanya zan tahi da ɗiyata."

Na ce, "Inna, ita ta ce?"

"Ta ɗaure kayanta, kai ma ka gani. Kai mutum ne na jama'a, baƙi na zuwa maka. Mace a gidanka sai wadda za ta amsa sallama. A Ɗan Gulbi ba mai neman ta da komi, ga ni ga ubanta. Ba hushi muke da kai ba."

Na ce ni ban gaji ba. Ta ce ta sani, amma ba ni kaɗai ke da zuciya a gidan ba.

Ƙullin kayan yana bayan ƙofa. Har madubin da na sayo mata a Maradi yana ciki.

Litinin, 24 ga Maris, da yamma

Na je rumfar Intalla, na zauna nesa da shi yana feƙe ƙotar sirdi. Na ba shi labarin wata rana a Senegal da malaminmu na teyatur ya sa munka toshe kunnuwa da auduga, sannan ya sa mutum biyu sunka yi wasa gabanmu. Da anka gama, kowa ya faɗi wa ke bin wani da ƙiyayya, wa ke jin tsoro, wa ya ci nasara, ba wanda ya kuskure. Malamin ya ce mana jiki yakan riga baki.

Na ce ina so mu yi wa Safi wasa wanda ba magana ciki. Dillali zai sayar da tsohon raƙumi ga baƙo, raƙumin kuwa ya ƙi tashi.

Intalla ya daɗe yana fiƙa. Can ya ce, "Ni ne raƙumin."

Na dawo gida da sauƙi a ƙirjina. Samba ya ce mutum huɗu a tsakar gida ba taro ba ne, in gardi ya yi magana shi zai amsa.

Alhamis, 27 ga Maris, da la'asar

Bai yi ba.

Mun shigo tsakar gida. Elhaji dillali, Intalla ya rufa da tsohon bargo, ni mai saye, Samba na kallo. Safi na zaune bakin ƙofar ɗaki da faifai a cinya. Munka fara, muna wurga hannuwa, muna zare ido, kowane motsi sai mu waiwaya mu ga ko ta gane. Inna ta fashe da dariya. Safi ta dubi Inna, ta dube mu, mu huɗu duk idonmu a kanta. Ta tashi, ta jefar da faifan, gero ya watse, ta shige ta ja ƙofa.

Elhaji ya ce, "Subhanallahi. Ta ɗauka ita muke kwaikwayo."

Samba ya ce mini a zaure, "Ba wasa kunka yi ba, Mushe. Magani kunka kawo a cokali, kuna jira ta haɗiye."

Ni mai koya wa mutane kallo.

Juma'a, 28 ga Maris, da azahar

Ba ta ci ba.

Asabar, 29 ga Maris, da azahar

Ta ci kaɗan, da Inna ta matsa mata. In na shigo sai ta juya baya.

Lahadi, 30 ga Maris, da yamma

Samba ya ce in raka shi zagaye. Ashe ba gidana kaɗai ba ne. Cikin yaran da sunka fito daga bukkoki akwai waɗanda sunka fito kamar Safi, wasu ma ƴan ajina ne. Mun shiga gida bayan gida. Ko'ina abu ɗaya: yaro zaune gefe shi kaɗai, uwa na yi masa ihu, ƴan'uwansa sun gaji sun tafi wasansu. Wata ƴar ajina, Hawa, wadda ta fi kowa surutu, ta gan ni ta miƙe tsaye ta haɗa hannu a ƙirji yadda ake yi a lakwal, tana jiran in ce ta zauna. Na faɗa. Ta ci gaba da tsayuwa. Sai na nuna mata ƙasa da hannu, ta zauna, ta yi murmushi.

A hanya na ce wa Samba wasan nan za mu gyara shi, mu yi wa yaran ranar da anka buɗe lakwal. Ba za mu ƙara shiga tsakar gida da shi ba. Safi ta huta da mu.

Alhamis, 3 ga Afirilu, da la'asar

Mun koma ƙofar gida muna gwaji. Intalla raƙumi ne na gaske, har yadda yake tauna yana kallon mutum a wulaƙance. Elhaji kuwa, wanda ya shekara talatin yana wanga ciniki, da an ce ya kwaikwayi kansa sai ya sandare kamar turke.

Akwai wata ƴar kafa a zana, daidai inda Safi takan zauna a da. Yau na ga ta ƙara faɗi. Ban waiwaya ba, na ce wa sauran da ido kada su waiwaya. Elhaji ya gane. Wasansa ya ƙara lalacewa, ban sani ba ko da gangan ne ko iyakar iyawarsa ke nan.

Ta ci abinci, har ta ƙara.

Asabar, 5 ga Afirilu, da safe

Hadari ya haɗu gabas jiya, bai zuba ba, amma iska ta yi sanyi. Samba ya ce an kwana biyu ba a kai kowa bukkoki ba, kumandan zai buɗe hanya da kasuwa ranar Juma'a. Gari duk murna. Ni ma ina murna. Inna ta fara ba jakinta dusa.

Litinin, 7 ga Afirilu, da yamma

Wannan kam sai na rubuta shi.

Muna tsakar gwaji, Elhaji na shafa wuyan Intalla yana kallonsa kamar zai yi kuka, sai wata murya ta taso daga bayan zana, da ƙarfi, har tantabaru sunka tashi daga kan rumfa:

"Ba haka ba ne! Elhaji, dillali ba shi kallon raƙumi, mai saye shika kallo!"

Kowa ya tsaya inda yake. Intalla ya leƙo daga ƙarƙashin bargo.

Ta fito ta zaure da mayafinta. Ba ta dube ni ba. Ta karɓi sandar Elhaji, ta turo ciki gaba, ta dafa raƙumin da hannu ɗaya tana shafawa, idonta kuwa na kan aljihuna. Ta zaga ni, ta duba takalmina, ta taɓe baki. Ta ɓoye ƙafar raƙumin mai ɗingishi da gefen riga, tana yi mini murmushi. Elhaji ne sak, ranar Juma'a a kasuwar dabbobi.

Elhaji ya riƙe kai ya ce, "Wayyo, yarinyar ga ta tona ni. Da wa zan ƙara ciniki a garin ga?"

Ta ga bakinsa na motsi, ta ga Samba ya durƙushe don dariya. Na ga hannunta ya tafi maƙogwaro, na ga ta tuna. Na ce a raina yanzu za ta koma. Sai Intalla ya miƙe, ya taɓa kunnensa, ya nuna ta, ya gyaɗa kai, ya ɗora hannu a ƙirji. Ya nuna mata mun ji, kuma ya yi daɗi.

Ta miƙa wa Elhaji sandarsa ta ce, "To sake. Daga shigowarka."

Har rana ta faɗi tana juya mu. Ni ta ce ina yawan hannu kamar mai korar ƙuda.

Laraba, 9 ga Afirilu, da hantsi

Yau a gabana ta zauna na sha fura. Ta yi magana kaɗan, wani wuri da ƙarfi, wani wuri har ba a ji. Na fara koyon nuna mata da tafin hannu, sama ko ƙasa, ita kuma tana gyara muryar. Ƙullin kayan yana nan bayan ƙofa. Ban tambaya ba.

Juma'a, 11 ga Afirilu, da yamma

An buɗe kasuwa. Da la'asar munka yi wasan a filin lakwal. Na yi zaton yaran ne da iyayensu, sai ga rabin kasuwa, Fulani da sandunansu, Buzaye bisa raƙuma daga baya, har gardin da ke tsaron igiya. Akwai fuskokin da na nema ban gani ba, ba kuma zan ƙara ganinsu ba. An yi musu fatiha kafin a fara.

Safi ba ta shiga wasa ba, ta ce ita matar aure ce. Ta zauna gaba cikin yaran nan, Hawa jingine da ita. Da raƙumi ya ƙi tashi, dillali ya durƙusa yana roƙonsa a kunne, ni kuma ina laluben aljihu, filin ya ɗauki dariya. Na saci kallo. Yaran na dariya daidai lokacin da kowa ke yi, ba kafin ba, ba bayan ba. Ba wanda ya buƙaci a yi masa bayani. Uwar Hawa ta rufe fuska da mayafi.

Na manta abin da zan yi a ƙarshe, Intalla ya take mini ƙafa na tuna. Samba bai ga ƙarshen ba, barci ya ɗauke shi jingine da bangon aji, ba wanda ya tashe shi.

Elhaji ya ce har yanzu bai yarda da maganata ta mai kallo ba, amma yana son a ba shi wasa na gaba.

Asabar, 12 ga Afirilu, da hantsi

Sun tafi.

Da safe Inna ta ɗaura wa jaki akumari ta fita ƙofar gida. Safi ta kira ni tsakar gida. Ta kwance ƙullin a gabana, ta fitar da tasoshi da madubi da zannuwan fita ta maida ɗaki, ta bar zane biyu ta sake ɗaurewa. Sannan ta tsaya ta dube ni. Na manta ban nuna mata ta sassauta murya ba, ko kuwa ban so ba.

"Mushe, ba ni jin ka. Ba ni jin komi. Lokotoro na cewa a jira, ni na san ƙila ya tahi ke nan. Ka bar ɓoye mini huska in an zo maganar."

Abin da na kasa rubutawa tun ranar da ta dawo, ita ta faɗe shi tsaye a tsakar gida, da rana. Na gyaɗa kai. Idona ya cika, ban juya ba.

"Zan tahi Baba shi gan ni da idonshi, in ba haka ba ba zai yarda ina da rai ba. In ruwa ya sauka anka yi shuka, in dawo. Yaran nan kada ka bar su zaune. Ka tara su, in na zo ina da wasan da zan koya musu."

Na so in ce ni zan zo in ɗauko ta da kaina. Na nuna ƙirjina, na nuna gabas, na buɗe ƙafa na riƙe linzami ina sukuwa a tsakar gida.

Ta kalle ni tun daga hula har takalmi.

"Kai da doki? Taho da ƙahwa, ya hi mini kwanciyar hankali."

Tana dariya ta fita. Na raka su har bayan gari, inda igiyar take a da.

Da na dawo, tsohuwar maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce, "Mushe, ka yi haƙuri, mun ji duka. Allah shi maido ta lahiya."

Na ce amin. Na ce ta shirya, za ta daɗe tana ji.